Motar Tasi'u da Mutanen Zangon Kanya

Tasi'u taubashina ne, mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ba cin fuska ba ne, wasan gado ne. Shi ne na tara a ɗakinsu, kuma shi kaɗai ne a cikinsu bai tsaya ga fartanya ba. Ya yi karatun aikin lafiya, ya dawo mana da farar riga da wata irin tafiya ta mutumin da ya san abin da ke cikin jinin jama'a. Yanzu ya haura arba'in, yana da mata, Asiya, da 'ya'ya huɗu, aikinsa kuma gwajin jini ne a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke Fagge, can cikin birni. Da wannan aikin yake ci da gidansa, da mahaifiyarsa, da kuɗin makarantar yara. Ba shi da wani.

Garinmu Zangon Kanya yana tsakanin Dawakin Tofa da Dawanau. Gida, gona, gida, gona, haka muke a jere, babu inda mutum zai yi atishawa wani bai amsa masa daga bayan danga ba. Daga tsakiyar gari zuwa bakin kwalta, kafin ka gama shan rake guda ka isa. Ni sana'ata kiwon kaji, kullum da safe ina kai ƙwai shagunan Bacirawa da Kurna, don haka hanyar nan na san ta kamar tsakar gidanmu.

Shekara da shekaru Tasi'u a bas yake zuwa aiki. Ba zan yabi bas ba, ban ci bashin direbobi ba. Kujerar mutum uku a zuba huɗu, idan ka yi magana kwandasta ya ce ka gyara zama kamar kai ne ka yi faɗi da gangan. Yana ta ihun saura mutum ɗaya alhali ina kallon gurbi biyar. Wata rana kwandon tumatir a cinyarka, wata rana akuyar wani tana lasar wuyanka. Amma dai bas tana zuwa. Abin da ya dami Tasi'u shi ne wani lokaci sai a tsaya jiran lodi, ya makara kaɗan. Makara kuwa a aikinsa ba ƙaramin abu ba ne, domin masu gwajin suga ba sa karyawa kafin su zo, ƙarfe takwas suna kan benci da yunwarsu. Dattijo mai suga wanda bai sha koko ba, ba mutumin da za a bari yana jira ba ne.

Wata safiya da ya shigo a makare, mai asibitin, Dakta Ramlat, ta ce masa a kan hanyarta ta wucewa, "Malam Tasi'u, mutum kamarka ai ya kamata ya nemi abin hawa na kansa." Ita ta faɗa ta shige ofis ta manta. Shi kuwa ya ɗauke ta kamar takardar magani.

Akwai gonar da ya gada a bakin hanya, wadda mahaifinsa ya gada daga kakansu, Malam Babba. Masu yanka filaye sun daɗe suna zagayarta da igiyar awo. Tasi'u ya sallama musu. Na same shi a ƙofar gida na ce, "Kai ɗan Gwaggo, gona tana ba ka gero kana barci. Mota kuwa ko tana barci ci take yi. Ka zauna mu lissafa."

Ya ce, "Naziru, kai fa ƙwan da ke cikin kaza ma sai ka ƙirga shi. Ni na gaji da zama a kan cinyar mutane."

"To, Allah ya sa kada mutane su zauna a kan taka."

Ya yi dariya, ya ce hassada ce irin ta masu kaji.

Ranar da motar ta iso, Golf ce 'yar Kwatano ruwan toka, gari ya fito kamar ana suna. Liman ya yi addu'a, mata suna leƙe ta kan katanga, kowa na cewa Allah ya sa a kashe lafiya. Sai ga Baffa Iliyasu, ƙanin mahaifin Tasi'u, wanda yanzu shi ne babba a zuriyarsu, kuma ba a yanke magana a garin nan sai an ji ta bakinsa. Ya zagaya motar a hankali, ya ƙwanƙwasa bonet, ya leƙa ciki, ya danna kujera da tafin hannu kamar mai taya katifa. Sannan ya ɗago ya ce, "Ikon Allah. Gonar Malam Babba ce yau ta hau taya huɗu. Alhamdu lillahi, mun yi mota."

Kowa ya ji wannan "mun" ɗin, ban da mai motar. Shi yana can yana goge madubi da gefen rigarsa.

Ga abin da Tasi'u ya manta, duk da a nan aka yanke masa cibiya. A garinmu gaisuwa tana da farashi, kuma farashin ya danganta da abin da kake kai. Idan a ƙafa kake, kana tafe kana gaisawa, ba wanda zai riƙe ka. Idan a bas kake ko a ɗan sahu, wato keken adaidaita, ka ɗaga hannu ya wadatar, kowa ya san ba kai ke da birki ba. Amma idan motarka ce, sitiyari a hannunka, to babu uzuri. Sa'anka, ka tsaya ka sauke gilashi. Wanda ya girme ka, ka kashe mota ka fito ka rusuna. Bayan an tambayi iyali da gajiya da ruwan jiya, dole ka ce, "Ina aka nufa?" Kuma tunda aka kafa Zangon Kanya ba a taɓa samun wanda aka yi wa wannan tambayar ya ce babu inda za shi ba. Amsar ɗaya ce: "Nan gaba kaɗan." Nan gaba kaɗan ɗinmu kuwa ya fara daga bakin kwalta, bai ƙare ba sai Ƙofar Ruwa.

Safiyar farko ya fito fes, ya sa turare, ya kunna rediyo. Kafin ya kai bakin titi ya fito daga motar sau biyar. Ina da tabbas, domin ina ciki. Ni na fara shiga, da kiret ɗin ƙwaina a cinya, tunda ban ga dalilin da kujera za ta tafi birni babu kowa a kanta ba. Motar an yi ta don fasinja huɗu. Da muka hau kwalta mu bakwai ne, ban da buhun wake a but da zakara a ƙarƙashin ƙafar Baffa. Mutumin da ya sayar da gona don ya daina matsuwa, ga shi yana sa wa mota giya ta tsakanin gwiwoyin wani.

Na ce, "Direba, a bi ramin nan a hankali, akwai ƙwai."

Ya harare ni ta madubi kawai, saboda akwai manya.

Kuɗin mota kuma babu. Ba wai mutanenmu marowata ba ne, a'a, kunya ce. Yaya za ka miƙa wa ɗan'uwanka kuɗi don ya rage maka hanya, ka mayar da shi ɗan haya? Ai zagi ne. Shi ma in ya karɓa, ya shiga bakin duniya. Saboda haka ake biyansa da abin da ya fi kuɗi daraja, wato "Allah ya yi albarka." Na sha raka shi gidan mai, ban taɓa ganin famfon da ke karɓar wannan ba.

Wani abin kuma, bas tana ajiye ka a bakin titi, ka sauka ka gode, ka ƙarasa da ƙafarka. Motar ɗan'uwa ba ta haka. Inna Tahira, wata tsohuwa maƙwabciyarsu da ta goya shi yana jariri, ta shiga wata rana za ta Rijiyar Lemo wajen 'yarta da ta haihu, da ƙullin yaji da damin ganyen darbejiya na wankan jego. Da suka iso ya tsaya a bakin titi.

Ta ce, "A nan za ka zubar da ni, Tasi'u? Da bayan nan nawa na goya ka."

Ya shiga lungu. Lungu ya haifi wani lungun. Da suka isa ƙofar gidan ta ce, "To fito mana ka yi barka. Ka zo har ƙofa ka juya, a ce me?"

Ya shiga, ya ga jariri, ya ce tubarkalla, aka kawo masa kunun kanwa. Ƙin sha wulaƙanci ne. Ya sha. A can Fagge kuwa masu suga suna kan benci suna hamma.

Ko da babu lungu, akwai Dawanau. Duk wanda ya san kasuwar hatsin nan ya san yadda tireloli ke juyawa a bakinta da safe, kowace tana neman ta shiga da baya. 'Yan sahu sai su bi ta gefe, ta gaban masu rake, ta inda ko keke zai yi tunani, su fice. Mai mota kuwa sai ya zauna ya kalli bayan tirela ya karanta abin da aka rubuta a jiki har ya haddace. In ya tsira ya isa Fagge, sai neman wurin ajiyewa, don kowane taku na bakin titi akwai mai teburin da ya riga shi. A zamanin bas Tasi'u yana makara jefi-jefi. Da ya yi mota sai abin ya samu tsari, ya zama kullum.

Ranar da magana ta ƙare, ya shigo asibiti rana ta take, ya tarar da wani Alhaji, tsohon mai zuwa gwaji, zaune a benci yana share mai daga bakinsa.

"Alhaji, a miƙo hannu."

"Wane hannu? Na jira ka har na fara ganin mutane bibbiyu. Na aika an sayo min ƙosai na ci. In za ka gwada ƙosai ne, bismilla."

Dakta Ramlat tana tsaye a bakin ƙofa tana ji. Ta kira shi ofis, ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta ce, "Malam Tasi'u, ba ni da abin cewa a kan aikinka, hannunka yana da kyau. Amma ba zan riƙa tara marasa lafiya da yunwa suna jiran ka ba. Akwai masu takarda irin taka da ke zuwa nan neman aiki kowane mako. Ranar da ka sake shigowa bayan takwas, ka ajiye min mukullin ɗakin gwaji a kan teburin nan, mu rabu lafiya."

Ya buɗe baki zai yi bayani, ta ce, "Da kana bin bas ne ma sai in ce. Yanzu fa mota gare ka."

Daga nan Tasi'u ya shiga dabaru, ni kuma ina gefe ina kallo, don irin wannan ba a samun sa a talabijin. Ya ce zai riƙa fita da an idar da sallar asuba. Kwana biyu ya yi nasara. A na uku ya yi sallama dama, ya ga mutum da hular tafiya, ya yi hagu, ya ga wani da jaka a gaba. Masallacinmu bai taɓa cika da asuba irin na wannan makon ba, har Liman ya yi wa jama'a albishir da cewa imani ya ƙaru.

Ya ce to zai bi ta bayan gari, ta hanyar shanu da ke ratsa gonaki. Damina ce. Motar ta nutse har cikinta a gefen geron mutane. Masu noma suka ajiye fartanya suka zo da gudu, suka tura, suka fito da ita, Allah ya saka musu. Sannan uku daga cikinsu suka tuna suna da uzuri a Dawanau, suka shiga da taɓonsu. Ranar da kyar ya tsallake, yana sa ƙafa a asibiti agogon bango yana cika.

Sai ya gwada abin da ba a yi. Ya ɗaure fuska, ya ɗaga gilashi, ya wuce wani dattijo a bakin hanya kamar bai gan shi ba. Kafin azahar labari ya riga shi dawowa gida. Da yamma Gwaggo, mahaifiyarsa, ta aika a kira shi, ina zaune a wurin. Ba ta yi faɗa ba, kuka ta sa.

"Tasi'u, ni za ka kunyata a garin nan? Mutumin da ya yi maka huɗuba ranar da aka haife ka, shi za ka watsa wa ruwan taɓo ka wuce? In ƙarfen nan ne zai raba ka da mutane, gara a mayar da shi inda aka samo shi."

"Inna, aiki ne zai tafi."

"Aiki ai na Allah ne. Mutunci fa?"

Ya fita ya je ya ba dattijon haƙuri, washegari kuma ya kai shi har Kurna don a tabbatar an shirya.

Matarsa Asiya ce ta kawo shawarar da ta fi kowace. Tana tankaɗe a tsakar gida, ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce, "Baban Fauziyya, wai ita mota ba ta rashin lafiya ne? Kowa a garin nan yana kwanciya, ban da ita?"

Washegari aka wayi gari motar tana lulluɓe da tampol. Tasi'u ya zare wayar kan batir, ya sanar cewa inji ya buga, gyaran kuma sai a hankali. Ya sa farar rigarsa a leda, ya taka zuwa bakin titi, yana tafe yana gaisawa, ba wanda ya tare shi, don ba a tambayar mai ƙafa ina ya nufa da wata manufa. Ya shiga bas, aka matse shi tsakanin mai buhun albasa da wani mai barci, ya ce min bai taɓa jin daɗin zama irin na ranar ba. Makon nan gaba ɗaya shi yake riga mai shara isa asibiti.

A gida kuwa aka buɗe zaman jaje. Da yamma sai a shimfiɗa tabarma a gaban motar, mutane su zo rukuni-rukuni, su zauna su yi shiru, sannan wani ya ce, "Ashe abin da ya faru ke nan. Ya muka ji da wannan abu?" Tasi'u ya sunkuyar da kai ya ce, "Sai haƙuri." A ce, "Allah ya mayar da alheri." Inna Tahira har da share ido, ta ce mota mai ladabi irin wannan ba ta taɓa shiga ba. Asiya tana aiko da kunu daga ciki, ina jin ta tana tari irin na mai danne dariya.

Da a nan aka tsaya da an huta. Amma Tasi'u ya raina zumuncin mutanen Zangon Kanya. Ranar Juma'a bayan an sauko, Baffa Iliyasu ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce, "Jama'a, motar nan ta yi mana hidima. Yau ta kwanta, mu zuba ido? Yaron nan yana ta wahala a bas kamar marar gata. Ina amfaninmu?" Nan take aka baza hula. Mutanen da ba su taɓa sayen man da zai cika murfin kwalba ba, ranar kowa ya zura hannu a aljihu. Na sa nawa ni ma, don ina son ganin ƙarshen wasan.

Ranar Asabar aka ɗauko Munir bakanike daga Dawanau a bayan babur. Gari ya kewaye motar. Munir ya buɗe bonet, ya ga wayar batir tana lilo, ya dubi Tasi'u. Tasi'u ya dubi sama kamar mai duban hadari. Munir dai an riga an biya shi, kuma ba ya son a ce ya ci kuɗin jama'a a banza, sai ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar, ya yi ta bugun ƙarfe yana nishi, ya fito ya nemi ruwa, ya sake komawa. Da ya ga ya yi gumin da ya dace da kuɗin, ya mayar da wayar ya ce a tayar. Bugu ɗaya ta tashi. Aka yi kabbara. Baffa ya dafa kafaɗar Tasi'u ya ce, "Ka ga amfanin 'yan'uwa." Tasi'u ya ce ya gani. Fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir da ƙarin haraji.

Litinin da safe na fito da kiret ɗina na tarar ƙofar gidansa ta zama tasha. Duk wanda ya sa hannu a gyaran ya zo karɓar rabonsa, har da waɗanda suka ɗage tafiyarsu tun makon jiya suna jiran mota ta warke. Baffa yana kan kujerar gaba tun kafin a buɗe gida, za shi Ƙofar Ruwa sayen kwanon rufi. Inna Tahira za ta koma ganin jika. Na ƙirga kawuna, na ƙirga lungunan da ke jiran kowane kai, na san in Tasi'u ya zauna a bayan sitiyarin nan, mukullin ɗakin gwaji ya tafi.

Ya fito da ledarsa a hannu. Ya tsaya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya zagaya wajen Baffa, ya durƙusa har ƙasa, ya kamo hannunsa ya sa masa mukullin motar a ciki.

"Baffa, ranar da motar nan ta zo ka ce gonar Malam Babba ce. Gaskiya ka faɗa, ni ne ban gane ba. Ta kwanta, ku kuka tashe ta. Bai kamata a ce kullum sai lokacin aikina za ta fita ba, ana katse wa manya uzuri. Ga ta nan. Abba yana da lasin, ya riƙa kai kowa inda yake so, har ƙofar gida."

Abba babban ɗan Baffa ne, magidanci, ya taɓa jan motar yashi kafin ya dawo noma. Yana jin haka ya gyara hula.

Idon Baffa ya kawo ruwa. Ya ce, "Kai fa, ɗan nan?"

"Ni yaro ne, Baffa. Zan taka."

"Kai, Allah ya yi maka albarka. Jama'a kun ji? Irin tarbiyyar gidanmu ke nan."

Aka yi ta sa albarka, ta ko'ina, har ta fi ta kullum yawa. Ni kuwa da Abba ya tayar da mota, na leƙa ta kafaɗarsa na ga allurar mai ta kwanta a kan ja kamar ta rasu. Na sauke kiret ɗina a hankali na ce na tuna akwai wanda zan gani a bakin titi. Na bi bayan Tasi'u.

Suka wuce mu a hanya, mota ta yi ƙasa saboda nauyi, Baffa ya leƙo ya ce, "Da akwai wuri da mun rage muku hanya!" Tasi'u ya ce ba komai, a sauka lafiya.

Muka samu ɗan sahu a bakin kwalta, ya cika ya tashi. Muna isa Dawanau, ga tireloli sun toshe hanya kamar kullum, ga kuma Golf ruwan toka a gidan mai, ƙofofi huɗu a buɗe. Mai famfo yana tsaye da tiyo a hannu yana jira. Abba yana kallon mahaifinsa. Baffa yana shafa aljihun gaba, ya koma na gefe, ya dawo na gaba. Sauran fasinjoji kowa ya samu abin kallo: wani yana karanta allon farashi, wani ya duƙufa a kan carbi, Inna Tahira ta ja mayafi ta rufe fuska kamar barci ya ɗauke ta.

Baffa ya hango mu. Ya ɗaga hannu biyu yana kira, "Tasi'u! Kai Tasi'u!"

Taubashina ya ɗaga hannu ɗaya, cikin ladabi, ya ɗan rusunar da kai. Gaisuwar fasinja ke nan, kuma ko a gaban Liman ta wadatar, kowa ya san ba shi ke da birki ba. Mai ɗan sahu ya kutsa ta tsakanin tirela da teburin mai rake, muka fice.

Na ce, "Ɗan Gwaggo, ba ka ji ana kira ba?"

Ya ce, "Riƙe ƙwanka, akwai rami a gaba."

Na sauka a Bacirawa, shi ya wuce. Ranar ya buɗe ɗakin gwaji kafin mai suga na farko ya zauna a benci.

Motar ba ta yi mako a hannun jama'a ba. An yi zama biyu a kan wa zai riƙa sayen mai, aka tashi ba a gama gaisawa ba. Daga nan mutanen garinmu suka gano wasu kyawawan halaye na bas da a da ba su lura da su ba: wai ta fi iska, wai ana jin labarin duniya a ciki, wai mutum ya biya kuɗinsa ya fi masa kwanciyar hankali. Wata safiya aka turo Golf da hannu aka ajiye ta a ƙofar gidan Tasi'u, Abba ya miƙa mukulli ta hannun Asiya, ya ce Baffa ya ce a gode, amana ta koma ga mai ita. Ba wanda ya sake zancen gyara, kuma ba wanda ya ce Tasi'u ya yi girman kai, tunda da hannunsa ya bayar, su suka dawo da ita.

Tana nan har yanzu a gindin darbejiya. Asiya tana shanya kuɓewa da barkono a kan rufinta, a ciki kuma take ajiye irin wake, ta ce babu rumbun da ya kai ta hana akuya. Ranar Juma'a Tasi'u yakan wanke ta, in akwai mai haihuwa ko marar lafiya a gari ya sayo mai a galan ya kai shi asibiti, wannan bai taɓa ƙi ba. Sauran kwanaki yana bakin titi da ledarsa, ana ce masa ya gyara zama. Gonar da ya sayar kuwa an yanka ta gida shida, kowanne da ƙofar shigar mota.

Kwanakin baya na kai wa asibitinsu ƙwai, don na samu ciniki a wajen masu dafa wa marasa lafiya abinci. Ina tsaye Dakta Ramlat ta fito, ta ga benci babu kowa, an sallami masu suga tun da wuri. Ta tsaya a ƙofar ɗakin gwaji ta ce, "Malam Tasi'u, kwanan nan ba ni da ƙorafi. Mukullinka ya zauna. Ka ga amfanin mota ko? Da ka saba da ita ai ga shi komai ya daidaita."

Tasi'u yana sanye da safar hannu, yana jera kwalabe. Ya ce, "Na gani, ranki ya daɗe. Sosai ma."